Neman shawara: nonona ya ja baya, me zan ci ya dawo?

Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Don Allah shawara nake nema. Haihuwar fari ce, namiji, yau sati uku da ƴan kwanaki, ina wankan gida wajen iyayena a Bagalam, nan cikin Maradi. Satin farko nono ya zo sosai har riga yake jiƙa mini, amma yanzu maman ya yi laushi, in na matsa ɗan kaɗan ke fitowa. Yaron kuma daga la'asar har tsakar dare ba ya yarda a cire shi, ina ajiye shi sai kuka. Gwaggona da ke mini wanka ta ce yunwa ce da ƙishirwa, ga zafin nan da ake yi, a fara ba shi ruwa da ɗan nonon akuya, ni kuma za ta ƙara mini kanwa a kunu. A wajen awo kuwa cewa aka yi kada a ba shi komai sai nono har wata 6. Na rasa wa zan bi. Wane abinci ne ke kawo ruwan nono da gaske, kuma yaya ake haɗa shi? Maigidana ɗan kabu-kabu ne, don haka abin da ake samu a kasuwa da sauƙi nake so.

Maman Ƴan Biyu, unguwar Ali Ɗan Sofo:
Wa alaikumus salam. Barka da arziki, Allah ya raya. Ni kunun gujiya ne ya riƙe ni, kuma biyu na shayar. Ki soya gujiya sama-sama, kada ta yi ja, ki murje ɓawon, ki jiƙa ta ta yi taushi, a niƙa miki ko a daka, ki tace ruwan ya fito fari fat. Ki ɗora a wuta kina motsawa, don da kin juya baya zai yi bori ya zube. In ya tafasa ki zuba shinkafa cikin hannu ɗaya ta dahu a ciki, sannan ki kawo ƙullun hatsi ki zuba kina juyawa har ya yi kauri, ki sauke, ki sa ruwan tsamiya da sukari daidai baki. Ki sha da ɗuminsa safe da dare. Tiya guda ta gujiya za ta daɗe miki. Kuma ki riƙa ajiye kofin ruwa kusa da ke, duk lokacin da kika zauna shayarwa ki sha.

Inna Hajiya, Mokoyo:
Ɗiyata, mu da kunun kanwa aka yi mana jego, da citta da kanumfari da masoro da kimba, muka shayar da ƴaƴa har aka yaye su da ƙibarsu. Amma abin da nake ganin ya fi yi mana aiki shi ne yawan cin. Mai jego a da ba ta jin yunwa: hura da nono da hantsi, tuwo da miyar kuka da man shanu da dare, ga romon kaza ko na kayan ciki. Yanzu sai ki ga yarinya ta sha shayi da guntun burodi ta ce ta karya. Ki sa a sayo miki zogala ɗanye, irin wanda ake kawowa daga Jiratawa, a dafa a matse, a kwaɗa da ƙuli-ƙuli da albasa da tumatir da ɗan mai. Wanda ya rage a shanya shi a inuwa, ba a rana ba, a daka, ki riƙa zuba cokali guda a miya ko kunu. Ki haɗa da wake da riɗi, ba su da tsada.

Malamar awo, ungozoma:
Ƙanwata, kafin maganar abinci ina so ki amsa mini abu biyu: sau nawa yake fitsari a yini da kwana, kuma me kilo ya nuna a awon ƙarshe? Domin duk abin da kika lissafa ba ya nuna nono ya ragu. Laushin mama bayan kwanakin farko kumburin ne ya sauka. Matsawa da hannu ba ma'auni ba ne, bakin jariri ya fi yatsunki iya jawo nono. Naci da yamma kuwa mun saba ganinsa a wajen sati uku da sati shida, yaro na girma, yana ta tsotso don jikinki ya ƙara yawan abin da yake yi, bayan kwana biyu ko uku abin ya lafa. In yana jiƙa zane sau 6 ko fiye a awa 24, fitsarin ba ja ba, ya maido nauyin haihuwarsa tun wajen sati biyu, kuma yana ƙara aƙalla giram 500 a wata, to nononki na isarsa.

Yadda Allah ya tsara abin, gwargwadon nonon da aka cire, gwargwadon wanda jiki zai sake yi. Mama da aka bari a cike, saƙo yake aika wa jiki cewa a rage. Shi ya sa ruwa da nonon akuya su ne za su jawo abin da kike tsoro: cikinsa a yanzu bai wuce ƙwan kaza ba, in aka cika shi da ruwa zai rage tsotso, nono ya ragu da gaske, a ce ai dama mun faɗa. Nonon uwa kusan kashi 88 cikin 100 ruwa ne, ko a zafin watan Afrilu da muke haura digiri 40 yana kashe masa ƙishirwa, ke ce za ki ƙara shan ruwa. Ruwan randa kuma shi ke kawo mana jarirai da zawo. Nonon jar akuyarmu abu ne mai kyau, ke ki tafasa ki sha, amma ya yi wa ƙodar jariri nauyi. Zuma ma kada a lasa masa sai ya shekara.

Ki ba shi sau 8 zuwa 12 a yini da kwana, har da na dare, don da dare sinadarin da ke sa a yi nono ya fi yawa. Ki bar shi ya gama da ɗaya kafin ki juya shi, na ƙarshen shi ne mai maiƙo mai ƙosarwa. Ki duba kamunsa: cikinsa na manne da naki, baki a buɗe sosai, leɓen ƙasa ya juyo waje, haɓarsa na taɓa mama, baƙin da ke kewaye da kan ya shige bakinsa da yawa, kina jin haɗiyarsa. In kan nonon kawai ya kama, ke za ki ji zafi, shi kuma ya yi ta tsotso bai ƙoshi ba. Abincin da su Inna suka faɗa duk ki ci, mai shayarwa na bukatar ƙarin kamar kwano guda a kan abin da ta saba, ki ci gaba da shan ƙwayoyin ƙarin jini in an ba ki. In za ki fara maganin tazarar haihuwa ki faɗa musu kina shayarwa, akwai irin ƙwayar da ke rage nono.

Ummu Sadiƙ:
Hulba fa? Ni nakan tafasa ƙaramin cokali guda in sha da madara. Sai dai tana sa zufa wari, kuma mai ciwon suga ta tambayi likita tukuna. Kunun aya da dabino ma yana da daɗi, ga aya a wadace a ƙasar nan, amma a sha shi a ranar, ba ya kwana a zafin nan.

Yaya Babba, Tibiri:
Maganar ƙarin kanwa ce ta sa na yi magana, Inna ki gafarce ni. Ƙanwata ta sha kunun kanwa mai kauri kullum sau uku, ga wanka da tafasasshen ruwa safe da yamma. Kafin arba'in ƙafafunta suka kumbura, ko randa ta je ɗebo ruwa sai haki, da dare ba ta iya kwanciya sai an jingina ta da filo, tana tari. Aka ce iska ce, aka yi ta hayaƙi. Da aka kai ta gidan likita aka ce zuciya ce ta raunana. Likitan ya ce kanwa gishiri ne mai ƙarfi, tana tara ruwa a jiki tana hawar da jini, kuma tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura da yawan wannan ciwon ga matan Hausawa masu jego. Ta samu sauƙi, amma ta daɗe tana shan magani. Ki sha kununki da kayan yajinsa, a sa tsamiya a madadin kanwar, ko a ɗan ɗiga kaɗan. Duk mai jegon da ta ga kumburi ko haki ko ciwon kai mai tsanani, kada a jira gobe.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Malama, na lura tun jiya, fitsari ya wuce sau 6, kuma a katin awo ya haura nauyin da aka haife shi da shi. Kamun ne nake ganin bai daidaita ba, don kan nonon ya ɗan tsage, ina jin zafi. Damuwata yanzu Gwaggo. Ita ta riƙe ni tun ina ƙarama, ba zan iya ce mata a'a ido da ido ba, kuma na san in na shiga wanka za ta iya ba shi ruwan.

Malamar awo, ungozoma:
Madalla. Tsagewar daga kamu ne. In ya gama ki shafa ɗan nonon a wurin ki bari ya sha iska, kada ki wanke da sabulu. In za ki cire shi ki sa ɗan yatsanki a gefen bakinsa, kada ki fizge. Ki zo ƙaramin gidan likita (CSI) mafi kusa da ke a gyara miki kamun a gabanki. In kuwa ya ƙi tsotso, ko jikinsa ya yi zafi, ko ya yi lakwas, ko maɗiga ta faɗa, a kai shi nan take ko da dare ne.

Inna Hajiya, Mokoyo:
Kada ki yi musu da ita, ɗiyata, tausayin yaron ne ke sa ta. Ki sa mahaifiyarki ta yi mata maganar, babba da babba. Ranar awo kuma ki ce ita za ta raka ki, ta ɗauki yaron da hannunta ta ɗora a kilo, ta ji daga bakin malamai. Sannan ki ce mata kunun gujiya da kwaɗon zogala kike marmari, na hannunta. In ta ga kina cinyewa kina neman ƙari, hankalinta zai koma kan tukunya. Kanwar kuma ki ce likita ya hana saboda hawan jini, ni ma na ji maganar Yayarku, zan faɗa wa surukata da ke wata tara yanzu.