Lambun Versailles: gadon Sarki Luwi ne ko sabon dashe da tsohon suna?

Mai Dashe: Salamu alaikum jama'a. Akwai maganar da ta tsaya mini a rai tun jiya. Ɗan yayata ya nuna mini hotunan lambun fadar Versailles da ke kusa da Paris, yana ta zuzuta shi, wai na Sarki Luwi na 14 ne, ya haura shekara 350. Ni kuwa na fi shekara ashirin ina sayar da dashe a bakin titi, in na ga bishiya na san shekarunta. Layukan bishiyoyin da na gani a hoton nan yara ne, wasu ko talatin ba su kai ba. Da na bincika, ashe guguwar 26 ga Disamba 1999 kaɗai ta lalata bishiyoyi wajen 10,000 a wurin, aka sake dasawa. To ni dai na ce wannan ba kayan tarihi ba ne. Fadar tarihi ce, na yarda, dutse ne. Amma lambun sabo ne, an ɗaura masa tsohon suna don a karɓi kuɗin baƙi. Mai ja ya fito.

Auta: Yau Baba Mai Dashe ya tashi da Turawa ke nan.

Ɗan Damagaram: Wa alaikumus salam. Baba, batun kuɗi dai a cire shi. Lokacin da nake karatu a can na shiga lambun da sanyi, ko dala ban biya ba. Ranakun da ake sakin ruwa ana kiɗa ne ake yankan tikiti.

Malama: Malam Mai Dashe, idonka bai yi maka ƙarya ba, abin ma ya wuce yadda ka faɗa. Tun a hunturun 1774 zuwa 1775 Luwi na 16 ya sa aka sare tsofaffin bishiyoyin lambun aka sake dasawa, domin sun tsufa suna faɗowa. An sake yin haka daga wajen 1860. Ka ga kenan kusan duk shekara ɗari ake juye wurin. Sai dai ina da tambaya. André Le Nôtre, wanda ya tsara lambun tun daga 1661, bishiya ya ƙirƙira? Abin da ya tarar fadama ce da 'yan tuddai. Ya sa aka kwashe ƙasa daga nan aka cike can, ya ja layi guda miƙaƙƙe daga bayan fada zuwa yamma, ya shimfiɗa doguwar mashigar ruwa mai tsawon mita 1,670 a kansa, yadda in ka tsaya a matakalar fada idonka zai tafi har inda ƙasa ta haɗu da sama ba abin da ya tare shi. Wannan layin yana nan inda ya bar shi. Shi kansa ya san abin da ya dasa zai mutu.

Mai Dashe: Malama, da girmanki, wannan ai kamar a ce riga ta tsufa an canza gaba, an canza baya, an canza hannuwa, sannan a ce rigar kaka ce saboda ɗinkin iri ɗaya ne.

Malama: Riga ba ta tsiro. Shi ya sa masana adana kayan tarihi suka ware wa lambuna ƙa'idarsu daban a birnin Florence a 1981, suka ce lambu abin tarihi ne mai rai, kayansa masu mutuwa ne kuma masu sabuntuwa.

Mai Dashe: Su suka rubuta wa kansu, ai dole ta yi musu daidai.

Injiniya: Ku bar kallon sama, ku dubi ƙarƙashin ƙasa. Versailles a kan tudu take, ba kogi kusa, ga Sarki Luwi na 14 yana son maɓuɓɓugai ɗaruruwa su riƙa feshi. Wannan matsalar ta bi shi har kabari. An gina wata na'ura a Marly a bakin kogin Sen, aka gama a 1684: manyan ƙafafun ruwa 14, kowace faɗinta wajen mita 12, suna tuƙa famfuna fiye da 250 don a ɗaga ruwa sama da mita 150. Ƙararta ta hana maƙwabta barci, ruwan kuma bai isa ba. Sai aka ce a janyo kogin Eure daga nisan kilomita 80. An fara a 1685 da dubban sojoji, zazzaɓi ya yi ta kashe su, yaƙi ya ɓarke a 1688 aka watsar. Kangon gadar ruwan yana nan tsaye a Maintenon. Da abin ya gagara sai aka koma dabara: in sarki ya fito yawo, masu kula da ruwa su riƙa yi wa juna fito, a buɗe maɓuɓɓugar da ke gabansa, a rufe wadda ya wuce. Abin da nake so Baba ya ji shi ne, a ƙarƙashin lambun akwai bututu na dalma da na ƙarfe fiye da kilomita 30, kuma da yawansu na zamanin ne, har yau su ke aiki. Ruwa daga tafkunan kan tudu yake gangarowa, nauyinsa ne ke harba shi sama. To wannan ma sabon dashe ne?

Ɗan Damagaram: Na ga wannan da idona. Wani ma'aikaci ya zo da makulli na ƙarfe, dogo har ƙirjinsa, kansa a buɗe gida biyu kamar ƙahon sa. Ya ɗaga wani ɗan murfi a ƙasa, ya zura, ya kama da hannu biyu yana juyawa a hankali yana kallon tafkin. Sai ka ji bututu ya yi gurnani a ƙarƙashin ƙafarka kafin ruwan ya fito. Ba maɓallin lantarki, ba komai.

Kawu: Ni duk gardamar nan ba ta dame ni ba kamar yadda kuke yabon wurin. A 1685 an ƙirga mutum 36,000 suna aiki a fadar da kewayenta. Wata mata daga cikin manyan ƙasar, Madame de Sévigné, ta rubuta a wasiƙarta a 1678 cewa da dare ake fitar da gawarwakin ma'aikata a amalanke don kada sauran su tsorata. Kuma ku tuna mafarin abin. Ministan kuɗi Fouquet ne ya fara sa Le Nôtre ya yi masa lambu a Vaux-le-Vicomte, ya gayyaci sarki liyafa a Agustan 1661, ba a yi wata guda ba aka kama shi, ya mutu a kurkuku, sarki ya kwashe masu aikinsa. In lambu na asali kuke so ku je Andalus, ku ga Jannatul Arif da ke gefen fadar Alhamra a Garnaɗa. Sarakunan Musulmi na gidan Banu Nasr suka yi shi, ruwa yana gudana a hankali, ba fariya.

Malama: Kawu, Allah ya ƙara girma, maganar ma'aikata gaskiya ce, kuma ba a cika gaya wa baƙi ita ba. Amma Garnaɗa ba za ta fitar da kai ba. Magudanar da ke ɗauko ruwa daga kogin Darro ta Banu Nasr ce, haka farfajiyar. Amma layukan feshin nan biyu da ke haɗuwa a sama, waɗanda kowa ke ɗauka a hoto, daga baya aka ƙara su, ƙarnoni bayan faɗuwar Garnaɗa a 1492. Lambunan ƙasa masu katangar shuke-shuke kuwa daga 1931 aka shimfiɗa su.

Kawu: Ikon Allah. To ashe har can.

Mai Dashe: Madalla, Malama da bakinki kin ƙara mini hujja. Kuma ko maganar tsari da kika riƙe, na duba. A Versailles akwai wani sashe mai hanyoyi a murɗe don mutum ya ɓace, da maɓuɓɓugai 39 na tatsuniyoyin dabbobi. Ina yake? Luwi na 16 ya rushe shi. Wani sashen kuma da ya daɗe da lalacewa, a 2015 aka ba masu fasahar zamani suka cika shi da manyan duwatsun ado na gilashi masu ruwan zinariya, kamar an warware carbi an jefa a tafki. Sannan ga na fadar Het Loo a Holan: an binne lambun da ƙasa a farkon ƙarni na 19, ya kwana a binne fiye da shekara 150, aka tono, aka duba tsofaffin zane-zane, aka sake yi, aka buɗe a 1984. Shi ma gadon ƙarni na 17 ne? Ku ji tsoron Allah.

Ɗan Damagaram: Baba, bari in kawo ka gida. Masallacin Agadas an kafa shi wajen 1515, an sake gina hasumiyarsa a 1844, kuma ana ta yi mata yaɓe, itatuwan da ke jikinta ma don a taka a hau ne. Ƙasar da ke fuskarta yau ba ta 1515 ba ce. Za ka iya tsayawa a Agadas ka ce masallacinsu sabo ne?

Auta: Ya faɗa dai, amma ya tabbata motarsa a kunne take.

Mai Dashe: Ɗana, ka kawo misali mai kyau amma ni ya taimaka. Yaɓen Agadas bai yanke ba. Magini ya koya a wurin ubansa, uban a wurin kakansa, hannu bai taɓa barin bangon ba. Ni ma a sana'ata, mangwaro mai aure da nake sayarwa reshensa daga wata uwa aka yanko, ita ma daga wata, har a kai ga bishiyar farko. Shi ya sa ɗanɗanon bai canza ba, kuma ina iya rantsuwa iri ɗaya ne. Amma in irin ya ɓace shekara ɗari, wani ya zo ya ga hotonsa a littafi ya nemo mai kama da shi, wannan ba shi ba ne, ko da ya fi shi zaƙi.

Malama: To yanzu ka zo inda za mu iya magana. A kan Het Loo na ba ka, sake ginawa ne, su ma ba su ɓoye ba. Har a Versailles akwai irinsa: sashen maɓuɓɓugai uku na 1677 ya ɓace, aka maido shi a 2004 daga tsofaffin takardu da abin da aka tono. Amma babban layin, da tafkin Apollo da ke kansa, ba a taɓa binne su ba. Ko bayan juyin juya halin Faransa na 1789, da aka yi gwanjon kayan fada, lambun ya sha wuya amma bai mutu ba. Ana aske shingayen, ana buɗe ruwan. Da ma'auninka na mangwaro, wannan ɓangaren ya tsallake.

Injiniya: Kuma masu ruwan har yau suna liƙa bututun dalma da narkakkiyar dalma a ludayi, yadda aka koya musu. Ga hannun da kake nema.

Mai Dashe: Layin da bututun na bar muku. Carbin gilashin nan kuwa ko za a kwana ana yi ban yarda ba. Kuma a riƙa gaya wa mutane wanne ne wanne, kada yaro ya zo yana nuna mini bishiyar da na girme ta yana cewa sarki ya sha inuwarta.

Ɗan Damagaram: Akwai guda da ta kusa cika maka sharaɗi. Wata katuwar bishiya da aka dasa wajen 1681, ta tsallake saran Luwi na 16, ta tsallake guguwar 1999, sai zafin 2003 ya ƙone ta, aka kayar da ita a 2005. Ka makara kaɗan. Sai dai ka je wa itatuwan lemo, su fiye da 1,000 ne da sauran irinsu, wasu sun haura shekara ɗari. A cikin akwatuna suke, in sanyi ya shigo a ɗauke su a kai cikin wani dogon ɗaki mai kaurin bango, sai wajen Mayu a fito da su.

Mai Dashe: Tsaya. Lemo ya shekara ɗari a akwati? Saiwar fa, ina take zuwa?

Ɗan Damagaram: Gefen akwatin buɗewa yake yi. Katako ne a cikin firam na ƙarfe, sai a zare allon gefe a datse saiwa a canza ƙasa, bishiyar tana tsaye.

Mai Dashe: Turo mini hoton akwatin nan ta kusa, wajen maƙalar allon. Akwai wani mai walda a layinmu.