Wa ya kalli District 9? Raina ya kasu biyu

Ɗan Agege: Salamu alaikum jama'a. Jiya bayan na rufe shago na kalli District 9 a waya, fim ɗin 2009 da wasu halittu daga wata duniya suka maƙale a Johannesburg, aka killace su a bukkokin kwano. Wurin da ma'aikacin nan ke bi ƙofa-ƙofa da takardar tashi, yana sa su sa hannu alhali ba su san me ta ƙunsa ba, wallahi sai da na ajiye wayar. To amma me ya sa 'yan Najeriya ne miyagun fim ɗin?

Maman Khalifa: Ɗan'uwa, ni nan ne ya ɓata min rai. An nuna mu muna sayar musu da abincin kyanwa, muna cin namansu don tsafi, shugaban 'yan dabar ma Obesandjo sunansa. Marigayiya Dora Akunyili, tana ministar yaɗa labarai, ta nemi sinimomi su daina haska shi. Ban ga laifinta ba.

Baba Idi-Araba: Yarana, labarin ya samo tushe daga District Six na Cape Town, inda gwamnatin wariyar launin fata ta kori mazauna. Ni kuwa Maroko, wata unguwar talakawa a Legas, ya tuna min. Ina Legas aka rushe ta a 1990, na ga mata zaune bakin titi kan katifunsu cikin ruwan sama.

Ɗan Agege: Allah sarki Baba. Daga baya ina suka koma?