Wa ya san inda zan bi in gano tarihin gidanmu na Agege?

Ɗan Zango: Assalamu alaikum jama'a, don Allah shawara nake nema. Kakan babanmu falke ne mai safarar goro, daga Kano ya gangaro Ikko bayan jirgin ƙasa ya fara zuwa Kano, ya sayi fili a hannun Yarbawa a Agege. Yanzu 'ya'yan baffa sun tada rigimar gado, ga 'yan omo onile, masu iƙirarin filayen na kakanninsu ne, suna leƙowa. Mun buɗe akwatin ƙarfen Hajiya sai ga wata tsohuwar takarda gara ta ci gefenta, da dangwalen yatsa, a bayanta an jera sunaye da ajami, har da wata mata da ban taɓa jin an ambace ta a gidanmu ba. Ni wallahi ita ta fi damuna ba gidan ba.

Malam na Obalende: Wa alaikumus salam. Yaro fara duba saman takardar ko akwai lambar rajista da shafi, in akwai ka tafi ofishin filaye na Alausa su bincika maka. Kar wani ya ruɗe ka wai ba C of O, wato takardar shaidar mallakar fili ta gwamnati, don haka takardar banza ce, ai C of O ɗin da ake yayi yanzu sai bayan dokar filaye ta 1978, ta kakanku ta girme ta.

Ummu Sadiq, Idi-Araba: Ka tambaya ko an taɓa shiga kotu kan filin nan, domin a shari'ar gado ne shaidu ke zayyano wane ya haifi wane, uwar wane ƙwarƙwara ce, abin da ba za a taɓa faɗa maka a tsakar gida ba, mu a haka muka gano kakarmu tana da ɗan'uwa a Ibadan. Matsalar dai babbar kotun Ikko ta Igbosere an ƙona ta a 2020, amma akwai gidan adana takardun tarihi na ƙasa a cikin jami'ar Ibadan. Kuma lura, Yarbawa sukan raba gado ɗaki-ɗaki ne, idi-igi suke cewa, ba irin rabon Musulunci ba, in matar nan Bayarabiya ce ƙila a nan aka samu saɓani.

Ɗan Zango: Na gode Baba, na gode Anti. Jiya na karanta wa Hajiya sunan, ta yi shiru can ta ce in kawo mata buta.