Taƙaitawar tattaunawarmu kan Gift Ngoepe

Jama'a, ga abin da na tattaro daga doguwar hirarmu kan Gift Ngoepe, ɗan Afirka ta Kudu da ya buga besbol (wasan bugun ƙwallo da sanda) a Amurka, da shawarwarin da aka bai wa matasa.

1. Kowa ya yarda haƙuri ne ya kai shi. Ƙungiyar Pittsburgh Pirates ta Amurka ta ɗauke shi a 2008, amma sai ranar 26 ga Afrilu 2017 ya fara buga MLB, babbar gasar besbol ta Amurka, na farko haifaffen nahiyar Afirka. Shekara da shekaru yana ƙananan ƙungiyoyi. Ni abin da ya fi taɓa ni: ya tashi ne a ɗan ƙaramin ɗaki cikin ginin kulob ɗin besbol na Randburg Mets a Afirka ta Kudu, inda mahaifiyarsa ke aiki a lokacin.

2. Da yawa sun ce matashi ya ƙware a abu guda tukuna. Shi cafke ƙwallo da saurin jifa a cikin fili suka buɗe masa ƙofa.

3. Nan aka rabu. Wasu sun ce raunin bugu da sanda ne ya gajarta zamansa a MLB, domin bayan ya buga wa ƙungiyar Toronto Blue Jays a 2018 bai sake komawa gasar ba, saboda haka kada a yi sakaci da bugu. Wasu na ganin ba a ba shi isasshiyar dama ba.

4. Kaɗan sun ƙara da cewa a haɗa wasa da karatu.