Fijon Marigayi Baba da Rigimar "Asali"

Mai Fijo: Salamu alaikum 'yan zaure. Yau raina a ɓace yake, ku bar ni in amayar da abin da ke cikina. Mako uku ina hidimar Fijo 504 ɗin marigayi Baba, ƙirar 1982, saboda takardar lafiyarta za ta ƙare ƙarshen wata. Na juye baƙin mai, na sa sababbin filogi huɗu, bakanike ya wanke kafireta ya saita kwantak, aka zubar da tsohon man birki aka zuba sabo, aka fitar da iska ƙafa huɗu. Fitilun gaba da kaina na saita su da daddare a jikin katangar gida, na ja layi da gawayi don kada ɗaya ta dubi sama ɗaya ta dubi ƙasa. Har robar waifa na canza. Na isa wurin gwaji tun bakwai na safe, ban samu shiga ba sai azahar. Wani yaro da bai kai shekarun motar ba ya ja hambirki, ya tsuguna ya leƙa taya, ya ce ba ta wuce ba. Wannan duk da sauƙi. Abin da ya ƙona min rai, da kunnena na ji ya ce wa abokin aikinsa "a fitar da akwalar can". Akwala fa! Motar asali, wadda tun da Baba ya ɓare ledarta ba ta taɓa kwana a hanya ba. Ni ra'ayina, motar da ta haura shekara 40 bai kamata a auna ta da mudun da ake auna 'yan yayi ba. A ɗauke mana gwajin nan kawai.

Baban Khalifa: Allah ya jiƙan Baba, ya huci zuciyarka.

Na Ƙofar Ruwa: Amin. Amma Malam, tsaya. Ka ce ta asali. Ta Faransa ce ko haɗin Kaduna?

Mai Fijo: A Kaduna Baba ya saye ta sabuwa dal.

Na Ƙofar Ruwa: To ai ka ji. Haɗin gida ce. Ta asali ita ce wadda ta fito daga masana'antar Sosho a Faransa. Ba raini ba ne, amma a kira abu da sunansa.

Ɗan Kakuri: An zo wurin. Dama na san ba za ka bari a sha ruwa ba. Mahaifina shekara goma sha ɗaya ya yi a kamfanin Fijo na Kakuri a Kaduna. Tun 1975 ake haɗa mota a wurin, injin daga Faransa yake zuwa, giya daga Faransa, Turawan Faransa ne ke tsaye a kan layi. Me ya rage na asali? Sai an yi mata wanka da ruwan Paris?

Na Ƙofar Ruwa: Ka faɗa da bakinka: haɗawa ake yi. Tela ya ɗinka shadda a Fagge, shaddar ba ta zama saƙar Fagge ba. Kuma tunda ka kawo tarihi, kayan nan da jirgin sama ake kwaso su daga Liyon, a filin jirgin Kano suke sauka kafin a loda su zuwa wurinku. Ko a nan ma mu ne gaba.

Ɗan Kakuri: Wato ku 'yan dako ne, mu ne masu aikin. Na gode da ka tabbatar.

Baban Khalifa: 😂😂 Kano da Kaduna, ba a rabuwa da ku.

Oga Bakanike: Ku yi haƙuri in sa baki a matsayina na wanda ya ci ƙasan motar nan shekara talatin. Da kun bar zancen Faransa kun tambayi Alhaji me ya faru da hambirkin. Yawanci a 504 waya ce ke miƙewa ko ta yi tsatsa a cikin bututunta, ka ja har ƙarshe motar tana gangarawa. Aikin awa ɗaya ne. Sannan duk mai shirin kai tsohuwar mota gwaji ya ɗaga ta a jak, ya kama taya sama da ƙasa ya girgiza, ya kama gefe da gefe ya girgiza. In ka ji ƙwas ƙwas, ko boljoyin ne ko tayarod ko bodis ɗin taya. Ka tada ta da sanyin safiya ka tsaya bayan salansa: hayaƙi shuɗi mai take ci, ringi sun gaji, baƙi kuwa kafireta ke ba ta fetur fiye da kima, fari mai kauri da ba ya yankewa, ka duba gasket, ruwa na shiga.

Na Ƙofar Ruwa: Oga, kai za ka raba gardama. Ƙarfen bodin ta Faransa da na haɗin Kaduna ɗaya ne?

Oga Bakanike: Ni ba mai walda ba ne.

Na Ƙofar Ruwa: Kun ji ko? Ya kasa cewa ɗaya ne.

Ɗan Kakuri: Ya kuma kasa cewa ba ɗaya ba ne. Kawo hujja.

Na Ƙofar Ruwa: Kowa a kasuwa ya sani. Ka ƙwanƙwasa ƙofar ta Faransa ka ji sauti, ka ƙwanƙwasa ta gida. Wani dattijo maƙwabcin shagonmu da ido rufe yake bambance su.

Ɗan Kakuri: Hujjar ke nan? Dattijo mai ido rufe? Ni ga tawa: Faransa ta daina ƙera 504 a 1983, Kaduna ta ci gaba har bayan shekarar 2000. Zamanin mulkin soja na Obasanjo ita ce motar manyan gwamnati. In jabu ce, gwamnati guda za ta hau?

Na Ƙofar Ruwa: Ban ce jabu ba! Kada ka sa min magana a baki. Tsakanin asali da jabu akwai haɗi.

Malamin Hausa: Gafara dai. Kalmar asali daga Larabci muka aro ta, ma'anarta tushe ko mafari. In haka ne, asalin 504 ba Kaduna ba ne, amma ba Faransa ce kaɗai ba, don kamfanin Pininfarina na Italiya ne ya zana fasalin jikinta kafin ta fito a 1968. Sai dai Bahaushe in ya ce "ɗan asali" yakan nufi mai nagarta, ba lallai garin haihuwa ba.

Baban Khalifa: Malam ya zo ya ƙara wa wuta fetur. Yanzu kuma 'yar Italiya ce.

Hajiya Babba: Ku dakata. Ɗana Mai Fijo, ban ji ka faɗi abin da aka gani a tayar ba. Je ka duba gefenta, bayan rubutun DOT akwai lambobi huɗu, ka karanto min.

Mai Fijo: Hajiya, tayoyin nan lafiyarsu ƙalau, zanensu ko rabi bai cinye ba. Motar ba ta fita sai Juma'a da ranar biki.

Hajiya Babba: Lambar na tambaya.

Mai Fijo: 2314.

Hajiya Babba: Mako na 23 na shekarar 2014 ke nan. Hukumar kiyaye haɗurra ta sha faɗa cewa taya shekara huɗu ne wa'adinta. Taka ta haura goma. Roba ko ba a taka ta ba tana bushewa ta tsattsage, balle a ranar nan tamu. A kan wannan kake ɗibar jikokin Baban zuwa masallaci? Yaron bai kyauta ba da ya ce akwala, amma ya fi ku duka gaskiya.

Ɗan Kakuri: Hajiya, da girmanki, ba zancen taya ake yi ba yanzu.

Na Landan: Ni zan goyi bayan Mai Fijo. Nan Ingila tun watan Mayun 2018 motar da ta wuce shekara 40 an ɗauke mata gwajin shekara da ake kira MOT. Amma da sharaɗi: kada a ce an yi mata babban sauyi cikin shekara 30 da suka wuce, irin canza injin zuwa wani iri daban. Kuma ko an ɗauke maka, in aka kama ka da motar da ba ta da lafiya a titi, tara ce.

Oga Bakanike: To a nan ma Alhaji zai sha da ƙyar, tunda injin Fijo 505 ne a ciki.

Na Ƙofar Ruwa: INJIN ME?

Mai Fijo: Haba Oga! Sirrin gareji ake kawowa zaure?

Oga Bakanike: Wallahi suɓutar baki ce, Alhaji. Na ɗauka kowa ya sani.

Na Ƙofar Ruwa: Allahu akbar. Ashe duk tsiyar nan da muke yi, ko ta Kadunar ma ba cikakkiya ba ce. Bodi Kakuri, injin kasuwar Panteka. Wannan ai kwaɗo ne.

Mai Fijo: Ka iya bakinka. Injin nan mai lita biyu iri ɗaya ne a 504 da 505, ya zauna daram ba a yanka ko ƙusa ɗaya ba. Mutum in aka yi masa dashen ƙoda ya tashi daga ɗan babansa?

Ɗan Kakuri: Magana ta ƙare. Kuma kai Na Ƙofar Ruwa, kai ne za ka yi wa mutane wa'azin asali? Famfon man da ka aiko min bara, kwali ɗaya ne asali a jikinsa. Kwana tara ya yi.

Na Ƙofar Ruwa: Ka fara biyan cikon kuɗinsa tukuna, sai ka yi ƙorafi.

Ɗan Kakuri: In biya cikon mataccen kaya?

Baban Khalifa: Jama'a, a bar tone-tone. Ku koma ta bayan fage ku sasanta.

Mai Basuwaja: Ku duka kuna wahala ne. Kunkuruna ba lagireto ba ruwa, iska ke sanyaya ta. A Legas aka haɗa ta kuma ban taɓa jin kunyar faɗa ba.

Ɗan Kakuri: Wa ya sa da kai? Motar da injinta ke cikin but. Wadda ta ci tseren Safari na Kenya a 1975 muke magana a kai, ba injin niƙa ba.

Na Damagaram: Mu nan bizit muke ce wa gwajin, kuma har gobe akwai 504 masu buɗaɗɗen baya da ke ɗibar kaya ranar kasuwa. Ba wanda ke tambayar asalinsu, birki ake tambaya.

Shugaban Zaure: To, dare ya yi, bari in taƙaita don waɗanda ba su bi ba. Ɗan'uwanmu Mai Fijo ya kai motar gado gwaji aka ci mutuncinta, duk mun yi tir. An tattauna kan ko haɗin Kaduna ta asali ce, kuma masana irin su Ɗan Kakuri sun kawo tarihi da shekaru, har Malamin Hausa ya tabbatar da cewa asali nagarta ne. Don haka mafi rinjaye sun gamsu cewa Fijon Kaduna 'yar asali ce. Wani ɗan'uwa ya kawo shaidar ƙwanƙwasa ƙofa, mun ji. Na Landan ya nuna mana cewa ƙasashen da suka ci gaba sun ɗauke wa irin motocin nan gwaji. Ana roƙon 'yan kasuwar kayan gyara su rage zafin baki. A kwana lafiya.

Na Ƙofar Ruwa: Wane mafi rinjaye? Yaushe aka kaɗa ƙuri'a? Shugaba, ka faɗa musu a Barnawa ta Kaduna gidanka yake.

Malamin Hausa: Ranka ya daɗe, ni ma'ana biyu na kawo, ka ɗauki ɗaya.

Hajiya Babba: Tayar fa? Ko layi ɗaya ba ta samu ba a taƙaitawar.

Mai Fijo: Oga Bakanike, gobe bayan sallar asuba ina garejinka don wayar hambirkin, kuma akwai maganar da za mu yi ni da kai. Na Ƙofar Ruwa, ban huce ba, amma taya lamba 14 guda huɗu nawa za ka bar min? Kuma ka turo hoton lambar DOT ɗin kafin in tura ko sisi.