Mura na damuna, in je wurin likitan haƙori ko in ɗaga?

Maman Ilham: Salamu alaikum 'yan zaure. Ranar Laraba aka ba ni a yi min ciko a haƙori, ga mura ta kama ni tun shekaranjiya, har da ɗan zazzaɓi. In je ko in haƙura?

Anti Bilki: Wa alaikumus salam. Sannu, Allah ya sawwaƙe. Hunturun nan bai bar kowa ba, mu ma a Gwammaja duk gidan tari ake.

Sista Rabi: Maman Ilham, ki kira su ki ɗaga har zazzaɓin ya sauka. Ni a ɗakin haƙori nake aiki. A sauran sassan asibiti sai mu ce ki sa takunkumi, amma a wurinmu dole ki cire ki buɗe baki, fuskar likita kuma dab da taki. Injin da ake goge kogon haƙori da shi ruwa yake fesawa, ruwan ya gauraya da yawu ya tashi kamar hazo, wani ma ido ba ya ganinsa. Idan ɗakin a rufe yake, wanda ya hau kujerar bayanki shi zai shaƙa. Amma in kumatu ya kumbura ko ciwon ya hana ki barci, kada ki zauna a gida. Ki faɗa musu kina mura, sai su sa ki a ƙarshen layi.

Baban Sadiq: Ni tun korona ta 2020 abin da nake fara dubawa taga ce. Na taɓa shiga wani wuri, mu sun fi goma a ɗan falo, esi na hurawa, ko'ina a kulle, wani bawan Allah na ta atishawa. Fita na yi na jira a baranda.

Anti Bilki: Ai mashaƙon da aka yi fama da shi a Kano a 2023 ma ta tari yake yaɗuwa.

Sista Rabi: Haka ne Anti, duk da shi bakteriya ce ke kawo shi, yana kuma da rigakafi. Wani abin dubawa: likita ya wanke hannu, ya sauya safar hannu a gabanka, ya sa takunkumi da gilashin kare ido. Kayan ƙarfen su fito daga leda a rufe, alamar an turara su a tukunyar tururi mai zafin digiri 121 ko 134. Jiƙa su a ruwan Dettol ba ya wadatarwa. Wannan bututun mai zuƙe ruwa a baki ma yana rage feshin sosai.

Baban Sadiq: To Sista, in mutum ya tambaya ba za su ga ya raina su ba?

Sista Rabi: Wallahi mu daɗi muke ji. Sai dai a bar yara a gida, kada a taho da rakiyar mutum huɗu.

Maman Ilham: Na gode ƙwarai. Yanzu na kira, sun mayar da ni Laraba ta sama. Ilham kuma wurin kakarta zan bar ta.