Oktofas ɗina ta toshe bakin kogonta ta daina ci, wa ya taɓa ganin haka?

Ɗan Ruwa:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Masu ajiye oktofas, dabbar nan mai hannu takwas, wanda aka kamo daga teku, ku taimaka min da abin da kuka gani da idonku. Tawa ta iso da ƙarfinta, a makonnin farko ba ƙaguwar da ke kwana a tankin. Da na kashe fitila sai ta fito tana bin gilashi tana lalube, in na tsoma yatsa ta naɗe shi da hannu ɗaya tana ja. Yanzu kuwa ta kwashe tsakuwa da ɓawon ƙaguwa ta toshe bakin kogonta, ido ɗaya kawai nake hange. In na miƙa mata jatan lande a kan tsinke sai ta feso ruwa ta ture shi. Na auna ruwan, ammoniya babu, gishiri yana kan 1.025, zafi bai canza ba. Wanda ya sayar min ya ce yarinya ce ƙarama.

Maman Biyu:
Wa alaikumus salam. Malam, nemo tocila mai jan haske ka leƙa rufin kogon da dare. Jan haske ba ya firgita su kamar fari. In ka ga wasu fararen abubuwa suna reto a jere, to ƙwai ne, kuma ba ciwo take yi ba. Tawa haka ta yi min. Ta manne ƙwan a saman dutse, ta zauna a ƙarƙashi tana shafa su da bakin hannuwanta tana hura musu ruwa dare da rana. Na kai mata abinci har ƙofa, ta karɓa sau ɗaya ko biyu a farko, daga baya ko kallo. Jikinta ya yi ta ramewa, launinta ya koɗe ya koma fari-fari. Bayan ƙyanƙyasa ba ta daɗe ba. Ka shirya zuciyarka, don wannan ba ya juyawa.

Malamin Aji:
Abin da Hajiya ta faɗa shi ne. Mafi yawan nau'o'in oktofas shekara 1 zuwa 2 suke yi a duniya, babban nan na tekun Fasifik ne ke kai 3 zuwa 5. Galibi macen sau ɗaya take yin ƙwai, tana gamawa jikinta ya fara rushewa. A 1977 wani masani mai suna Jerome Wodinsky ya cire wa mata masu kwanci wata 'yar gaɓa da ke tsakanin idanunsu, sai suka bar ƙwan, suka koma cin abinci, suka ƙara watanni. Ke nan daga cikin jiki umarnin yake fitowa, ba daga ruwan tankinka ba.

Batun "ƙarama ce" kuwa, na ji shi har na gaji. Girma ba ya nuna shekaru in ba ka san nau'in ba. Akwai wadannin nau'o'i da ko sun tsufa tukuf ba sa cika tafin hannu. Masu kamu a bakin teku abin da hannunsu ya kai suke ɗauka, kuma balagagge ya fi sauƙin gani. Guda uku da na ajiye, duk kamun teku ne, ba wanda ya cika shekara a wajena, ɗaya ma da ƙyar ya ga wata na biyu.

Ɗan Ruwa:
Na leƙa. Ƙwai ne, Hajiya, zare-zare a rufin kogon. Amma ita kaɗai ce a tankin tun zuwanta, yaya za a yi su ƙyanƙyashe?

Malamin Aji:
Macen tana iya ajiye maniyyin namiji a jikinta tsawon makonni ko watanni. In ta haɗu da namiji tun tana teku, ƙwan za su yi 'ya'ya. Ka riƙa dubawa, idan ka fara ganin ɗigo biyu baƙaƙe a cikin kowane ƙwai, idanu ne. Ko da ba su da rai ma za ta kwanta musu haka nan.

Na Gefen Gilashi:
Ka duba girman ƙwan, a nan maganar take. Nau'in da ke yin ƙananan ƙwai dubbai, kamar Octopus vulgaris ko Abdopus aculeatus da ake yawan kawowa daga Indonesiya, 'ya'yansu sai sun yi ta shawagi a ruwa kafin su sauka ƙasa. Ni na gamu da irin wannan. Wata safiya na tarar da tankin cike da ɗige-ɗige masu motsi, kowane da 'yan hannuwansa, har launi suke canzawa. Na rufe bakin famfo da soso, na zuba musu ƙananan halittun ruwa masu rai, amma cikin 'yan kwanaki ba ko ɗaya. Ɗakunan bincike ma da kayan aikinsu sun sha wuya da wannan mataki, balle mu. Masu manyan ƙwai, irin Octopus bimaculoides na gaɓar Kalifoniya, 'ya'yansu suna fitowa da rarrafe suna farauta, waɗannan kam ana iya rainonsu in an raba su, don suna cin junansu.

Baba Mai Raga:
Nawa namiji ne, kuma ƙarshensa daban da na mace. Dabbar da ba ta fitowa sai dare, kwatsam sai ya fara yawo da tsakar rana ba alƙibla, yana hawa gilashi yana zamewa. Fatar gefen idanunsa ta janye, wasu fararen gyambuna suka fito masa ba sa warkewa. Abin da na iya yi masa kawai shi ne rage haske, na daina tsoma hannu, na bar ruwa da tsabta. Yara sun saba da shi, suna ba shi kwalba mai murfin murɗawa da ƙaguwa a ciki su tsaya kallon yadda zai buɗe. Ƙaramarsu ta fi kowa kuka.

Tunda ana maganar gogewa, bari in ƙara da batun gudu. Duk jikinsu ba ƙashi, abu ɗaya ne mai tauri, bakin nan irin na aku da ke tsakiyar hannuwa. Ramin da bakin ya wuce, sauran jiki zai bi. Nawa ta bututun da ke kai ruwa matata ya bi, na neme shi har na fid da rai, ashe yana can ƙasa a akwatin matata ya naɗe jikin famfo. Tun ranar kowace kafa na sa mata raga, murfi kuma na ɗaure shi da maƙalai, don ɗora abu mai nauyi kawai ba ya hana su. Wanda ke ganin sakacin masu gida ne ya tuna Inky, oktofas ɗin da ya sulale daga babban gidan kifi na ƙasar Niyu Zilan a Napier a 2016, ya bi bututun magudana ya koma teku.

Gimbiyar Murjani:
Ni tawa tawada ce ta kusa kashe ta. An kunna fitilar ɗaki ba zato cikin dare, ta firgita ta saki baƙi har ba a ganin dutse. A teku ruwa ne zai kwashe, a tanki kuwa komawa take tana shaƙa. Allah Ya sa ina da haɗaɗɗen ruwan gishiri a ajiye, na canza wani kaso nan take, na sa sabon gawayin tacewa, na'urar kumfa ta tsame sauran. Duk mai oktofas ya kasance da ruwan canji a gefe kullum.

Sannan a kiyayi tsohon tanki. Maganin ƙwayoyin cutar kifi da yawa akwai sinadarin jan ƙarfe a ciki, yana kama dutse da yashi, ɗan kaɗan ya isa ya kashe oktofas. Ƙawata ta saka nata a tankin da aka taɓa yi wa kifi magani, bai yi nisa ba.

Sabon Shiga:
Don Allah sikwid fa, ɗan uwan oktofas ɗin nan mai dogon jiki? Wani mai kamu ya ce zai samo min guda biyu, tankina lita 200 ne, ya yi wata uku yana aiki.

Na Gefen Gilashi:
Ƙanena, ka ce masa ya bar su. Lita 200 da ruwan da ya nuna wata uku daidai ne ga matsakaicin oktofas guda, amma sikwid wata duniya ce. Dabbar sarari ce, ba ta zama a kogo, ba ta san bango ba. In ta razana da baya take harbawa da gudu, sai ƙarshen jikinta ya daki gilashi. Na gan shi a wajen wani abokina: fatar wajen ta saluɓe, ciwo ya shiga, suka bi juna. Galibi ma tun a raga fatarsu ke gogewa, kafin su iso gidanka sun riga sun jikkata. Masu bincike da ke ajiye su manyan tankuna masu zagaye suke amfani da su, ruwa na gudana, iska wadatacciya, ga abinci mai rai ba yankewa.

Maman Biyu:
In dai siffar ce ke burge ka, akwai ɗan gajeren ɗan uwan sikwid ɗin nan mai dunƙulallen jiki, dangin Euprymna. Shi yana binne kansa a yashi da rana, ido kawai a waje, da dare ya tashi farautar jatan lande. Na ajiye shi a yashi mai laushi, bai taɓa dukan gilashi ba. Kallon yadda yake watsa wa kansa yashi da hannu biyu ya ishe ka nishaɗi. Sai dai ransa ya fi na oktofas gajarta, watanni ne, kuma na kamu balagagge yake zuwa.

Malamin Aji:
Ni dai na daina sayen na kamu, kuma ba na ɓoyewa. Dabba ce da ke gane mai ba ta abinci ta bambanta shi da wani, Tarayyar Turai ta sa su cikin dokar kare dabbobin gwaji tun 2010, Birtaniya kuma ta lissafa su cikin masu jin zafi a dokar 2022. A ɗauko ta daga kogonta, a ƙulle a leda ta yi doguwar tafiya, don ta yi mana wata biyu ko uku? Abin ya fi muni ga oktofas ɗin nan mai kwaikwayon wasu dabbobi da aka gano a Sulawesi a 1998, ana ta kwasarsa saboda zanensa alhali ba ya jure tanki.

Baba Mai Raga:
Malam, ban ƙi taka ba, amma na haihuwar tanki ba kullum ake samu ba. Ni abin da nake cewa, kar mutum ya karɓi dabbar da mai sayarwa ya kasa faɗin nau'inta da tekun da ta fito. Ba don shekaru kawai ba. Na ruwan sanyi in ka sa shi a ruwan ɗumi ka gajarta masa rai, sai da na'urar sanyaya ruwa. Kuma an taɓa miƙo min wani ɗan ƙarami ruwan ƙasa-ƙasa a leda, ana girgiza ledar sai ga zobba shuɗaye sun haska a jikinsa. Mai shuɗin zobe ke nan, dafinsa yana tsayar da numfashi, ba shi da makari. Gida mai yara! Na mayar masa da abinsa a tsaye.

Sabon Shiga:
Na fasa sikwid ɗin. Akwai wani daga danginsu da ake samu tun yana ƙwai?

Gimbiyar Murjani:
Akwai, Sepia bandensis, ɗan ƙaramin katilfish. Masu kiwo suna hayayyafa shi a tanki, ƙwai ake sayarwa, ka ga ke nan ka san ranar da ya fito kuma za ka ci moriyar kusan shekararsa duka. Ba ya hawa bango ya fice kamar oktofas. Wahalarsa a makonnin farko take, 'ya'yan ba sa kallon abin da ba ya motsi, sai ƙananan jatan lande masu rai kullum. Ka tabbatar da inda za ka riƙa samunsu kafin ƙwan su iso, ka kuma ware 'ya'yan a 'yar ragar reno a cikin tankin don su riƙa cin karo da abincin.